Farin Da Ke Bakin Mansir

Mansir ya kai tsokar tsire bakinsa don ya ɗanɗana yaji, sai ya tofar da ita da sauri. Harshensa ya ɗauki zafi kamar ya lasa garwashi. Ya juya wa masu saye baya, ya buɗe baki a gaban wayarsa. Farin nan ya ƙaru. Jiya a harshe kawai yake, yau ya mamaye kumatu ta ciki kamar gudajin nono. Ya kankare da farce, jini ya biyo.

Haka bakin yayansa ya yi a Gusau kafin ya rame ya rasu, cutar da har yau ba a kiran sunanta a gidansu.

"Mansir, lafiya?" in ji Alhaji Idrissou, mai shagon yadi na kusa da teburinsa. "Tun safe ba ka ce uffan ba."

"Haƙori ne, Alhaji. Don Allah ka duba mini wuta."

Ya tare zem, wato babur ɗin haya, a bakin masallaci, ya ce a kai shi wani ƙaramin asibiti a unguwar Agla, inda babu ɗan unguwarsu ta Zongo da zai gan shi.

Likitar, Madam Nadjoua, tana jin Hausa. Ta haska bakinsa da tocila, ta daɗe tana dubawa.

"Wani irin yis ne, ƙwayar halitta dangin wanda ake sa wa burodi," in ji ta. "Yawancin mutane suna da shi a baki, yana zaune lafiya. In ya samu dama sai ya fitar da wani sinadari mai narkar da nama. Me kake sayarwa?"

"Tsire."

"To ka san abin da ganyen gwanda ke yi wa nama mai tauri. Haka yake yi wa fatar bakinka, ya tausasa ta ya shige ciki."

Mansir ya gyara zama. "Yana da magani?"

"Yana da shi, wannan mai sauƙi ne. Abin da nake so in sani, me ya raunana jikinka har ya samu dama?"

Aka huda yatsarsa don gwajin suga. A ransa ya yi ta roƙon Allah ya sa suga ce.

"Sugarka lafiya lau," in ji ta. Ta sassauta murya. "Saura gwajin ƙanjamau. Ba zan yi ba sai ka yarda. Kana da iyali?"

"Matata Rahinatou. Tana da ciki."

"In ma shi ne, akwai magani, mutane suna shekaru da shi. In an gano da wuri, ana iya kare jaririn."

Ya miƙe. "Bari in sha iska."

A bakin titi wani mai zem ya tsaya gabansa, ya ɗaga masa gira. "Zongo?"

Mansir ya dafa kujerar babur ɗin. In ya hau, babu wanda zai sani. Zai ce haƙori ne, ya ci gaba da cewa haƙori ne. Sai ya tuna Rahinatou zaune a ƙofar ɗaki tana ninke 'yan rigunan jariri, tana tambayarsa sunan da za su sa masa.

"Malam, za ka hau ko a'a?"

Ya janye hannunsa. "Je ka kawai."

Madam Nadjoua tana wanke hannu lokacin da ya turo ƙofa. Ya zauna, ya naɗe hannun rigarsa har gwiwar hannu, ya kau da kai.

"Bismillah, likita. Ɗebi jinin."