Ƙwaƙwalwar da Auta Ya Sayo

Maɗaba'ar tana ƙasan bene, tsakanin shagon mai walda da na mai sayar da tayoyi. A ɗakin ciki akwai injin da ke fitar da farantin bugu, kuma wata tsohuwar kwamfuta ce ke sarrafa shi. Ba ta sauyuwa, domin manhajar injin ba ta tashi a kan sabuwa, kamfanin da ya ƙera shi kuwa ya daɗe da rufewa.

Da ciwon ƙafa ya zaunar da Baba, mai wurin, sai ya miƙa wa ɗansa Auta makullai, amma na gwaji. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: littattafan wata makaranta su fita kafin ɗalibai su dawo hutu. In ba su fita ba, zai sayar da injinan, Auta ya nemi aiki gaba.

Abu na farko da Auta ya yi shi ne ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa. Ya cika duk gurabenta, ya kuma shaida wa kowa, har mai walda. Tun daga ranar, da an tura shafi mai hotuna da yawa sai ta sandare, faranti ya fito rabi.

Da lalatattun farantai suka taru a bayan ƙofa, ya kira yayarsa, wadda injiniyar manhaja ce a wani kamfanin sadarwa. Ta zo da hantsi, ta share kujera da gefen mayafi, ta zauna tana karanta saƙonnin da kwamfutar ke bari kafin ta mutu.

"Me ka taɓa?"

"Ban taɓa komai ba, Yaya. Gyara na yi. Ƙwaƙwalwa na ƙara mata."

"Gyaran gangar auzinawa ke nan."

"Haba! Ina aka taɓa jin yawan ƙwaƙwalwa ya zama ciwo?"

"Kai ma kana da ita, ga inda ta kawo mu."

Ta nuna masa allon. Zuciyar manhajar, wadda masu sana'ar ke kira kanel, ita ce ke kukan rashin wuri, alhali fiye da rabin ƙwaƙwalwar na zaune babu kowa. Ta ce irin wannan tsohon tsari adireshin wuraren ajiyarsa ƙidayayye ne, kuma kashi ɗaya cikin huɗu kawai aka ware wa kanel. Ko an ƙara ƙwaƙwalwa, wannan kason ba ya ƙaruwa.

"Dubi ofishin Baba," ta ce. "A ce ka gina ɗakunan ajiya ɗari a baya. Makullin kowane ɗaki a ofishin za a rataye shi. Ofis bai ƙaru ba, makullai sun cinye bango, sun sauko kan tebur. Shafi mai hotuna ya zo yana neman inda za a shimfiɗa shi, babu."

Auta ya leƙa ta taga, inda Baba ke zaune a kujerar roba, ƙafarsa a kan kwali.

"Yanzu sai an cire abin da na ƙara?"

"Akwai dabara. Layi ɗaya zan rubuta, in kwamfutar tana tashi ta kau da kai daga rarar ƙwaƙwalwar. Kayanka na ciki, babu wanda zai sani."

"Rubuta, don Allah."

Ta rubuta, suka kashe, suka kunna. Suka tura shafin da ya fi kowanne hotuna, na taswirar jikin ɗan'adam. Injin ya ja faranti, ya yi ƙugi, ya turo shi cikakke. Na biyu ma haka.

Ƙarar ce ta shigo da Baba, yana dogara sanda. Ya ɗaga farantin saitin haske, ya duba kusurwa huɗu, ya ajiye.

"Abin da ƙanenki ya sayo, yana aiki?"

"Yana ciki, Baba."

"Ban tambaye ki ko yana ciki ba. Ni ma ai ina ciki."

Yayar ta sunkuyar da kai tana gyara zaman jakarta. Auta ya kashe kwamfutar, ya zare waya daga bango, ya ɗauko sukudireba. Ya buɗe murfin, ya ciro sandunan ƙwaƙwalwar da ya ƙara ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a kan tebur gaban mahaifinsa.

"Su ne suka hana ta aiki. Ofishinta ne ya cika."

Baba ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya mayar.

"Farantai nawa ka ɓata?"

"Suna bayan ƙofa."

"Na gan su tun shekaranjiya. Jira nake in ga ko su ma za ka ce gyara ne." Ya juya zai fita, ya tsaya a bakin ƙofa. "Littattafan za su fita?"

"Za su fita."

"To rufe murfin, ƙura na shiga. Gobe kai za ka buɗe shago, ni ƙafata ba ta son sammako."

Da Auta ya rufe murfin ya kunna ta, yayar ta goge layin da ta rubuta, tunda ba shi da sauran amfani. Auta ya tura shafi na uku.