Mai Motar Diko

Abdulsalami yana cikin ɗaure lodin doya a bayan a-kori-kurarsa a tasha, igiya a hannu, ƙafa ɗaya a kan taya, sai ga ƙanwarsa Sailuba tana haki.

"Yaya, Iya ta sake fita."

Bai saki igiyar ba. "Ba na ce a riƙa sa sakata ba?"

"Na sa. Wanka kawai na shiga. Tsohuwar da ba ta tuna ko ta ci tuwo, amma ba ta manta yadda ake zare sakata ba."

"Ina ta nufa?"

"Mai ƙosai ta bakin unguwar Kwamba ta ce ta ga wucewarta, ta bi hanyar Diko. Wai da zanen goyo a hannu."

Ya ƙulle igiyar, ya ce wa mai doyar ya yi haƙuri ya jira, ya shiga mota ya tayar.

Shekara biyu ke nan da gigin tsufa ya kama Iya Fatsuma. Ya fara ne a shekarar da motocin masu awon ƙasa suka soma ratsa gari suna zuwa inda za a gina sabon birni, tun garin nasu, Suleja, yana amsa sunan Abuja. Abdulsalami ya kai ta asibiti, wani malamin asibiti mai suna Onwuka ya duba ta, ya ce babu allurar da za ta yi maganin wannan. Da ya ji direba ne, sai ya ce masa da gurguwar Hausarsa, "Kan tsoho kamar lodin motarka ne. Abin da ka ɗora ƙarshe, shi za ka fara saukewa. Abin da ke can ƙasa, shi zai rage."

Haka kuwa aka yi. Ta fara da manta jikoki. Ta manta motoci sun koma bin hannun dama. Ta manta mijinta ya rasu, tana ajiye masa tuwo. Ta manta Almu, autanta, wanda ta goya har ƙafafunsa suna jan ƙasa. Yanzu Sailuba ma wani lokaci maƙwabciya take ɗaukarta. Shi kuwa Abdulsalami, babu wanda zai iya cewa ta manta shi ko ba ta manta ba, don dama can ba ta yi masa magana.

Shi ne ɗanta na fari. Mata da yawa suna kunyar ɗan fari, amma ta Iya ta wuce ta kowa. Yana da shekara biyu aka yaye shi, aka kai wa gwaggonsa a Diko, wadda ba ta taɓa haihuwa ba. Can ya yi wayo, can aka yi masa kaciya, bai dawo ba sai da gwaggon ta rasu yana ɗan shekara goma sha biyar. Ya dawo ya tarar da mace wadda idan ya shigo ta ƙofa sai ta juya fuska bango. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Na Diko" take ce masa, shi ma a bayan idonsa. Da ya yi mata rufin kwano, ta ce wa Sailuba, "Ki ce wa na Diko an gode." Ran da ya yi hatsari a hanyar Minna ya kwanta wata guda, kowa ya zo duba shi ban da ita.

Bai taɓa kai ƙara wajen kowa ba. Mutum ne wanda ba ya son tausayi. Idan abokai a tasha suka tayar da zancen iyaye mata, sai ya ce al'ada ce, ya tashi ya duba ruwan batir. Ya haura hamsin, yana da furfura da jikoki uku, kuma da wani zai tambaye shi abin da yake so a duniya, ba zai faɗa ba ko da za a yanka shi.

Ya hango ta bayan ya wuce gonakin Kwamba, a gindin wata ɗorawa, ba takalmi, ƙafafunta sun yi fari fat. Kafin ya taka birki ta riga ta ɗaga hannu. Ya tsaya, ta leƙo ta taga, ta dube shi ido cikin ido. Tun da yake bai taɓa ganin ƙwayar idonta haka kusa ba.

"Mai mota, Diko za ka?"

Ya buɗe baki zai ce mata ta shigo su koma gida. Sai ya ji kansa yana cewa, "Diko za ni. Shigo."

Ya yi niyyar idan ya sami wuri mai faɗi ya juya. Ta zauna, ta ninke zanen goyon a cinya, tana kallon hanya kamar yarinyar da ba ta saba shiga mota ba.

"Wa za ki gani a Diko, Iya?"

Ta harare shi. "Iya? Dube ni da kyau. Haihuwata ɗaya tak. Kai ne dai tsoho, ga furfura har gemu."

"Yi haƙuri, baiwar Allah. Idona ne."

"To ka riƙa kallon hanya da shi, kada ka zubar da mu." Ta gyara zama. "Yarona aka kai yaye. Yau kwana tara. Nono ya ƙi daina zuba, duk rigata ta jiƙe. Uwar mijina ta ce in shafa kanwa, na shafa, a banza."

Wuri mai faɗi ya zo, ya wuce shi bai juya ba.

"Za su bar ki ki gan shi?"

"Wa ya ce maka shiga zan yi? In shiga a ce Fatsuma ba ta da kunya, ta biyo ɗan fari? Akwai tsamiya a bayan gidan, katangar wajen ta ɗan zube. In ka tsaya a jikin tsamiyar kana hango tsakar gida. Duk ranar kasuwar Diko sai in ce zan kai daddawa, in tsaya can in gan shi, in dawo."

"Da ƙafa?"

"Da me? Ai ba kullum ake samun mai kirki irinka ba."

Ya canza giya ba tare da dalili ba. Ita kuwa bakinta ya buɗe, shekaru suna ta cakuɗe mata. Yanzu yaron yana rarrafe ya faɗa murhu, ya ƙone a wuyan hannun hagu, ta kwana uku tana shafa masa zuma, in an shigo ta yi kamar shara take yi. Yanzu kuma ya yi shekara bakwai an yi masa kaciya, tana jin kukansa daga jikin tsamiya, ta ciji zanenta har ya huje. Ya fara fitar da haƙoran girma, ya yi giɓi, yana jin kunyar dariya. Muryarsa ta fashe. Ya fara taurin kai, an ce ya daki ɗan liman.

"Taurin kan nawa ne," in ji ta, tana dariya. "Ubansa ruwan sanyi ne. Kuma yana son ƙuli-ƙuli, irin mai zobe. Akwai wata Bagwariya mai itace a bakin kasuwa, ita nake ba wa ta ba shi."

Abdulsalami ya tuna matar. Doguwa, da lodin itace a kafaɗa, duk ranar kasuwa ta kira shi da hannu ta miƙa masa ƙulli a ganye. Shekara arba'in yana ɗauka jininsu ne kawai ya haɗu.

Ya daɗe yana riƙe da tambayar kafin ya sake ta.

"Yaya sunan yaron?"

Ta rufe baki da tafin hannu, ta waiga baya kamar doyar za ta kai rahoto. "Kai, mai mota, ba ka da dama. A ina ka taɓa jin an faɗa?"

"Ai ni baƙo ne. Ban san kowa naku ba."

Ta auna shi da ido. Sannan ta matso, ta rage murya.

"Abdulsalami." Ta ɗan saurara, ta sake faɗa a hankali, tana jan ƙarshensa. "Abdulsalami. Ka ji daɗin suna? In na shiga ɗaki ni kaɗai sai in yi ta faɗa. Kada ka gaya wa kowa."

Ya gangara gefen hanya ya tsaya. Ya ce mata taya zai duba. Ya zagaya bayan mota, ya dafa lodin doya da hannu biyu, ya tsaya nan yana kallon igiyar da ya ɗaura. Wata tifa ta wuce ta yi masa ham, bai ɗago ba. Da ya dawo ta ce, "Tayar lafiya?" Ya ce lafiya lau.

Gidan gwaggonsa ya zama kango tuntuni. Ɗakunan sun rufta, wani ya shuka kuɓewa a inda tsakar gidan yake. Tsamiyar ce kawai take nan. Iya ta sauka da sauri, ta je ta dafa ta, ta yi ɗage tana leƙen katangar da babu ita. Ta daɗe a haka.

"Ba kowa. Mai mota, ba kowa a gidan. Ina suka kai shi?"

"Wataƙila sun je gona."

"Da yaron goye? Ba sa kai shi gona. Wani abu ya same shi ba su gaya mini ba. Ba za su gaya mini ba, ai sun san ba zan tambaya ba." Ta shiga cikin kuɓewar tana tattakawa, tana leƙa rusassun ɗakuna. Kuka ya zo mata irin na yara, baki buɗe, ba ta ɓoye shi.

Ya bi ta ya riƙo kafaɗarta. Ya san abin da zai rasa, amma bai iya tsayawa yana kallo ba.

"Iya, ba abin da ya same shi. Ni ne. Ni ne Abdulsalami."

"Ƙarya kake. Kai tsoho ne."

Ya naɗe hannun rigarsa ta hagu, ya miƙa mata wuyan hannun. Tabon ƙunar yana nan, fari, kamar girman sule. Ta kama hannun ta kawo kusa da ido. Ta shafa tabon da babban yatsa sau ɗaya. Ta ɗago ta dubi fuskarsa, goshi, hanci, furfurar gemun, kuma yana kallo ya ga lokacin da ta gane shi. Kukan ya tsaya. Ta saki hannun kamar ta taɓa garwashi, ta jawo mayafi ta rufe rabin fuska, ta juya masa baya.

"A mayar da ni gida," ta faɗa wa tsamiyar.

Har suka iso gari ba ta sake kallonsa ba. Ta manne a jikin ƙofa, fuskarta a waje. Tsakaninsu bai fi kamu biyu ba, zanen goyon yana ajiye a wurin.

Sailuba ta tarye su a ƙofar gida tana salati. Ta kama tsohuwar za ta shiga da ita, sai Iya ta tsaya ta ce, ba tare da ta waiwaya ba, "Sailuba, ki ba na Diko ruwa. Ya sha rana."

Sailuba ta dawo da kwanon sha, fuskarta cike da murna. "Yaya, ka ji? Ta kira sunana, kai ma ta gane ka. Wallahi ta dawo hayyacinta. Me ka yi mata?"

"Ba abin da na yi mata."

"Allah ya sa ta ɗore a haka."

Ya shanye ruwan bai ce amin ba.

Bai koma tasha ba. Ya zauna a zaure a kan buzu, ya yi azahar a nan, ya yi la'asar a nan. Mai doya ya aiko sau biyu, shi kuwa ya ce a ce masa yana zuwa. Daga ciki yana jin Sailuba tana wanke wa tsohuwar ƙafa, tana cire mata ƙaya, har Iya ta yi barci. Ya yi ta juya sunan a ransa yadda ta faɗe shi, da jan ƙarshen nan, yana tsoron kada ya ɓace masa.

Rana ta yi sanyi, ya miƙe zai tafi ya sallami mai doya, sai ya ji an zare sakatar ƙofar ciki a hankali. Iya ce, da zanen goyo a ninke a hannu. Ta leƙa waje ta ga motar, ta dawo da ido kansa, ta dube shi kai tsaye.

"Mai mota, Diko za ka?"

Sailuba ta fito da gudu, hannunta duk kumfar sabulu. "Iya, ina kuma za ki? Yaya, tare ta mana. Ga doyar mutane tun safe a rana."

"Ɗauko mata takalmi," in ji shi.

"Takalmi kuma?"

"Ɗauko mata. Ba za mu kai Diko ba, za mu ɗan zaga ne mu dawo."

Ya warware hannun rigarsa ta hagu, ya ja shi har ya rufe tabon, ya sa maɓalli. Sannan ya je ya buɗe mata ƙofar mota.

"Diko za ni, baiwar Allah. Wa za ki gani a can?"