Kundin Da Bai Bushe Ba

Jaridar ta rabe gida biyu a hannun Tsiry, a gaban baƙi, kuma Naivo ne ya miƙa masa ita. Ba kuskure ba ne. Ya san ba ta bushe ba.

Naivo ya yi furfura a ɗakin ƙasa na laburaren nan, yana kwance ɗinkin tsofaffin kundayen jaridu na zamanin Faransawa. Tun da guguwar bara ta yaye rabin rufi ruwa ya shiga, aikinsa ya koma busarwa. Ya raba shafi da shafi, ya sa takarda mai shan ruwa a tsakani, ya kunna fanka, ya jira. In yana son ya san ko kundi ya bushe, sai ya kwantar da kumatunsa a kan shafin tsakiya. Takarda mai danshi sanyi gare ta kamar bayan cokali. Wanda ya bushe ya hau kantar hagu, wanda bai bushe ba ya zauna a ta dama. Daga kantar hagu kaɗai ake kai wa Tsiry sama.

Tsiry mijin ƙanwarsa Bakoly ne, kuma Naivo ne ya samo masa aiki a wurin, aikin shara. Ana nan sai ƙungiyar laburarorin ƙasashe masu Faransanci ta aiko da na'urar ɗaukar hoton littattafai, wai a zuba tsofaffin jaridun a intanet, mutumin Dakar ya karanta, na Kebek a Kanada ma ya karanta. Ramatoa Lalao, wato Madam Lalao, shugabar wurin, ta duba ma'aikata ta zaɓi Tsiry, wai idonsa da sauran ƙarfi kuma ba ya tsoron kwamfuta. Aka ba shi ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, da kujera mai juyawa, da farar safar hannu.

Da safen ranar da baƙi za su zo, a bas ɗaya suka matsu. Tsiry ya ɗaura nakatai.

"Zoky, gyara min igiyar nan," in ji shi, don haka yake kiran yayan matarsa. "Ƙanwarka ta shaƙe ni kamar za a kai bijimi kasuwa."

"Ka bar ta haka. Ka yi kyau. Kamar mai tallan magani."

"Wai ka san jiya mutum nawa suka buɗe hotunana daga Kanada?"

"Hotunanka? Kai ka rubuta jaridar?"

Tsiry ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. A bakin laburare mai wainar shinkafa ta ɗaga murya: "Ramose Tsiry, ga taka da zafi!" Sannan ta juya: "Naivo, kai guda nawa?" Shekara da shekaru yana sayen wainarta, ba ta taɓa ce masa Ramose ba, kiran girmamawa da ake wa manya. Ya ce ba ya jin yunwa.

Da hantsi Ramatoa Lalao ta leƙo ɗakin ƙasa, ta tsaya a kan matakala, hankici a hanci.

"Naivo, baƙin suna son su ga yadda ake ɗaukar jaridar tashar jiragen ruwa ta Toamasina. Sun ce sun duba ko'ina, mu kaɗai ke da ita. Kawo kundi ɗaya."

"Za su sauko su ga inda ake gyara ta?"

"Nan? Da warin nan? Haba Naivo. Ka dai kawo, ka ajiye, ka tsaya daga baya."

Kundi biyu ne na Toamasina. Ɗaya a hagu, ɗaya a dama. Naivo ya buɗe na daman, ya kwantar da kumatu. Sanyi. Ya rufe, ya tsaya yana kallon na hagun. Sai ya rungumi na daman ya hau da shi. A kan matakala yana gaya wa kansa cewa in ya isa zai ce ya ɗauko ba daidai ba, ya koma.

Baƙin biyu ne: Madam Sagna daga Dakar, gajeriyar mace mai tabarau, da wani dogon Bature daga Brussels da ke ta ɗaukar hoto da waya. Suna tsaye kan Tsiry, shi kuma yana juyi a kujera yana nuna musu allon kwamfuta. Da ya ga Naivo sai ya miƙa hannu cikin farar safa.

"Wannan yayan matata ne," ya ce da Faransancinsa na rediyo. "Yana taimaka min daga ƙasa."

Baturen ya gyaɗa wa Naivo kai ba tare da ya dube shi ba. Naivo ya sa masa kundin a hannu.

Safa ba ta jin danshi. Shafi na farko ya tashi lafiya, na biyu ma, don gefe ya riga ya sha iska. Fitila ta haska, hoto ya fito a allo, Baturen ya ce madalla. Tsiry ya ji daɗi ya ƙara sauri. Da ya kai tsakiya ya ɗaga shafi, rabi ya biyo hannunsa, rabi ya zauna manne da na ƙasa. Ko ƙara bai yi ba, kamar an yagi dafaffen ganye. Hoton wani jirgin ruwa da mutane a kan gada ya rabu, tawada ta bi safar ta yi baƙi.

Tsiry ya daskare da rabin shafi a sama.

Wannan fuskar ta Tsiry ce Naivo ya hau matakala don ya gani. Ya gan ta, kuma gaskiya ya ji daɗi, na ɗan lokaci.

Madam Sagna ba ta yi faɗa ba. Ta matso ta ɗora bayan hannunta a kan takardar.

"A jiƙe take," ta ce. "Wa yake busarwa?"

Ramatoa Lalao ta juya ta dubi Naivo. Ya nemi abin da zai jingina da shi, ya samu.

"Ɗakin ne, Madam. Ɗakin ƙasa ba ya busar da komai yanzu. Ga damina, ga fanka ɗaya. Ka taɓa yau ya bushe, gobe ya sake jiƙa. Ba yadda mutum zai yi."

"Dukkansu haka suke?"

"Dukkansu."

Baƙin suka koma gefe da shugaba, suna magana ƙasa-ƙasa. Baturen ya buga waya. Kafin azahar an gama. Laburarensu na Brussels yana da ɗakin busarwa na musamman. Tunda mai aikin da kansa ya ce ɗakin ƙasa bai da amfani, za a kwashe kundayen duka a akwatuna, a kai can a gyara, a ɗauki hotonsu a can, daga baya a maido. Kuma dole wani daga nan ya bi kayan, wanda ya san na'ura, ya koyi aikin takarda a wurinsu don kada irin wannan ta sake faruwa.

Lokacin cin abinci Tsiry ya sauko ɗakin ƙasa da kwano biyu na shinkafa da ganye da Bakoly ta ɗaure musu. Ya cire nakatai, idonsa ja. Ya zauna a kan tulin kwali ya tura wa Naivo nasa kwanon.

"To, Ramose, sai Turai," in ji Naivo. "A yi ɓarna a samu jirgi. Mu da ba mu yaga komai ba muna nan."

Tsiry bai yi dariya ba. Ya daɗe yana juya cokali. Sannan ya tashi ya je kantar hagu, ya buɗe ɗaya kundin na Toamasina, ya kwantar da kumatunsa a kai, yadda Naivo ya koya masa tun yana shara. Babu sanyi. Ya rufe a hankali.

"Na ji warinsa, Zoky. Tun da ka miƙo min na ji wari. Na ce a raina, in dai daga hannun Zoky ya fito, hancina ne ke ƙarya."

"Na ce maka ɗakin ne."

"Na ji ka faɗa."

Ya ɗauki kwanonsa ya haura sama da shi. Bai gaya wa shugaba ba. Ba ta ma buƙaci a gaya mata.

Naivo ne ya shirya akwatunan katakon, don ba wanda ya iya jera kundi ba tare da ya karya masa baya ba sai shi. Ya naɗe kowanne, na hagu da na dama, ya buga ƙusa da hannunsa. Da motar kaya ta tafi, ɗakin ya zama daga kantoci sai fanka. Ramatoa Lalao ta sauko, wannan karon har ƙasa.

"Ba zan kore ka ba, Naivo, saura kaɗan ka yi ritaya. Amma ka ga dai, ba sauran takarda a nan. Mai karɓar jakunkuna a ƙofa ya tafi. Kawo makullin."

Ranar da Tsiry zai tashi, dangi suka cika mota zuwa filin jirgi. Bakoly ta aiko wa yayanta cewa ba wuri, mota ta cika.

Naivo yana kan benci a bakin ƙofar laburare a lokacin, da tarin lambobin roba a cinya. Wata ɗaliba ta jefa masa jakarta tana waya.

"Baba mai gadi, yi sauri mana, lambata."

Ya ba ta.