Silinda Ta Huɗu

Sau uku Likita yana dawo da motar nan, sau uku Kawu yana cire mata kan batir.

Likitan haƙori ne. Motar ja ce, ƙofa biyu, silinda shida, in ta tashi har gilashin ofishin Kawu rawa yake yi. Duk ranar hutu yakan kai ta filin tsere na bayan gari su zaga da abokansa. Kukansa ɗaya ne, wai mota ta yi sanyi. Yana taka totur, tana yi masa nawa.

Kawu yayan mahaifiyata ne, garejin nasa ne. Shekara talatin yana gyara da kunne. Yakan ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Ni da na gama sakandare Umma ta kawo ni wurinsa, na koyi na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ta nuna abin da ƙwaƙwalwar mota ta ajiye. Shi ya sa ake ce min Danna, wai ba abin da na iya sai danna maɓalli. Ba yabo ba ne. Ranar da na fara, sharaɗi ɗaya ya kafa min: duk ranar da na ƙaryata shi a gaban mai mota, in tattara in koma gida.

Yana da wata doka kuma. Kowace mota, kafin ta fita, a cire kan batir na minti goma. Wai a wanke mata kai. Ƙwaƙwalwar ta manta duk abin da ta koya, mota ta fita tana zillo, mai ita ya tafi yana murmushi.

A zuwa na huɗu na riga shi. Likita bai gama gaisawa ba na jona na'ura.

Akwai wani ƙaramin kunne na lantarki ɗaure a jikin injin. In fetur ya fashe a cikin silinda ba a kan ƙa'ida ba, ya ƙwanƙwashi kan fistin, kunnen zai ji, sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wutar fulogi kaɗan, ta rubuta ta ajiye. Wannan rubutun nake karantawa. Silinda ta ɗaya, digiri ɗaya baya. Ta biyu, rabi. Ta uku, ɗaya. Ta biyar da ta shida, kusan babu. Ta huɗu, bakwai.

Na sake dubawa. Bakwai.

"Kawu, zo ka ga."

"Me zan gani? Talabijin?"

"Ta huɗu ta ja wuta baya digiri bakwai."

"Man da yake sha ne ba kyau. Na gaya masa tun tuni."

"In mai ne, duk shidan za su ja. Tanki ɗaya suke sha."

Mai walda na gefenmu ya ɗage gilashin fuskarsa. Ba a yin magana a garejinmu bai sa baki ba. "Maigida, ɗan ƙanwarka ya zo da lissafi. Ka nemo alli."

Kawu bai yi dariya ba. Ya sa aka tada motar, ya ɗora sukundireba, ya lumshe ido. Ya daɗe.

"Kamar agogo," ya ce. "Ina ƙwanƙwasar?"

Na rage murya saboda Likita na zaune a benci yana latsa waya. "Ba za ka ji ba, Kawu. A tsaye ba ta yi, sai an taka ta. Kuma ƙwaƙwalwar ta riga ka ji, ta rufe abin. Sanyin da yake kuka da shi kare kanta take yi."

"Ta riga ni ji."

"A bar min ita zuwa gobe. In musanya nozul ɗin da ke fesa wa ta huɗu mai da na ta biyu. In lambar ta bi nozul, mun gano mai laifi."

"Gobe ina da tsere," Likita ya ce, bai ɗago ba. "A yi mata irin na kullum kawai. In Maigida ya taɓa ta, kwana huɗu ba mai kamo ni."

Irin na kullum. Inji ya sha duka, ya koyi kauce wa duka, mu kuma mu goge masa abin da ya koya mu tura shi ya sake sha daga farko. Sau uku. Kuma mutumin yana godiya.

"Miƙo sifana mai lamba goma," Kawu ya ce.

Tana aljihuna. Ban miƙa ba.

Ya dube ni, ya je akwati ya ɗauko wata. Ya kwance kan batir da kansa. Minti goma muna tsaye muna jira. Da ya mayar, ya ce in jona talabijin ɗin. Na jona. Sifili shida a jere.

"To, Malam Danna, ina bakwai ɗinka?"

Mai walda ya tuntsire. Likita ma ya yi murmushi, ya miƙe yana kaɗa makulli. Kawu ya kama bonet zai rufe.

Na sa hannu a bakin.

"Cire hannunka."

"Fulogi biyu kawai zan kwance. Minti biyar."

"Ka tuna abin da na gaya maka ranar da uwarka ta kawo ka?"

"Na tuna. In ba a ga komai ba, ni da bakina zan gaya mata ka kore ni."

Ya saki bonet ɗin a hankali. "Kun dai ji shi," ya ce wa mai walda da Likita. "Ba ni na ce ba."

Injin da zafinsa. Ban jira ya huce ba, don na san in na ba shi minti ɗaya zai canza magana. Na zare koyil daga kan fulogi, na zura soket na kwancewa. Murfin inji ya lashe min yatsu biyu, ban tsaya ba. Na fito da na ta biyu, na fito da na ta huɗu, na jera su a kan tsumma.

Na ta biyu ruwan ƙasa ne, lafiyayye. Na ta huɗu fari fat kamar alli, bakinsa ya zaizaye, ga wasu ƙananan ɗigo masu ƙyalli sun manne masa. Kan fistin ne ya fara narkewa yana tofo su. Ba na'ura ce ta koya min wannan ba. Kawu ne, a watana na farko.

Ya ɗauka. Ya juya shi a rana, ya goga babban yatsa a kan ɗigon. Ba su fita ba.

Likita ya leƙo ta kafaɗarsa. "Ko ni da ba sana'ata ba, wannan haƙorin na cirewa ne."

Na jira. Ban san me nake jira ba. Kalma ɗaya ma ta isa.

Kawu ya gyara murya. "Likita, babu tsere gobe. Da ka taka ta zagaye biyu, da a kan janwe za ta dawo. Nozul ne, ba ya ba ta huɗu mai yadda ya kamata. Dama tun zuwanka na biyu nake zarginta, so nake in tabbatar."

"Ka ga dalilin da ba na kai motata ko'ina," Likita ya ce. "Wannan kunne naka, Maigida, Allah ya bar mana shi."

"Amin."

Mai walda ya kalle ni, ya kalli yatsuna, ya sauke gilashinsa ya koma aiki.

Da Likita ya tafi, Kawu bai jefa fulogin a kwandon shara ba. Aljihu ya sa shi.

"Musanya nozul ɗin," ya ce.

"In gwada da me? Ka goge lambobin. Sai an fita da ita ta sake shan duka kafin su dawo."

"To ka fita da ita a hankali."

Ya shige ofis. Na tsoma yatsuna a bokitin ruwa, sun riga sun tashi.

Can da rana aka gama wa wata farar mota birki. Na hango shi ya sunkuya kan batir da sifana goma. Ya tsaya. Bai juyo ba.

"Kai, Danna. Zo ka kalli talabijin ɗinka kafin in cire."

Na je na jona. Na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, ya yi kamar ƙusa yake nema a ƙasa.

Lambar ta bi nozul, kamar yadda na faɗa. Har yau Likita yana turo mana abokansa, kowa ya shigo sai ya tambayi mai kunnen nan. Ni nake nuna musu ofis.

A gida Umma ta ga yatsun, ta tambaye ni me ya same su.

Na ce inji ne.