Warkin Baba Nata'ala

"Ɗaga mani ita, ɗiyata," in ji Baba Nata'ala.

Zulaihatu ta durƙusa ta tallafi ƙafar tsohon, ta ɗora ta a kan turmin da aka kife. Gwiwar ta kumbura kamar ƙwarya. Shekara talatin ke nan da ta tsinke a fagen kokawa na Daudawa, yana cikin ɗaga abokin karawarsa, ba wanda ya taɓa ƙafar. Tun daga ranar da sanda yake zuwa gona. Yanzu kuma ciwon ƙirji ya kwantar da shi.

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da nasa a Sheme. Kullum ta taso daga sabuwar firamaren da take koyarwa, nan take fara shiga, da farin alli a yatsunta.

Ɗansa Rabo ya tsaya bakin ƙofa, idonsa a kan warkin fata da ke rataye a bango. A gidansu ɗa ba ya shiga fage sai uba ya ɗaura masa warkin da hannunsa.

"Baba, kokawar Jumma'a ta matso. An ce Daudawa za ta cika."

"Ba za ka shiga ba," in ji Zulaihatu.

"Malama, wa ya sa da ke?"

"Gwiwarka. Bara wa aka kai wurin maɗori a bayan jaki?"

"Sammu ne, kuma an karya shi."

Ta juya wurin tsohon. "Baba, mahaifinka mi ya hana shi kokawa?"

"Gwiwa."

"Ƙanenka Gide fa?"

Tsohon ya kau da kai. Ta ci gaba:

"Wane boka ne zai bi gida ɗaya shekara hamsin bai gaji ba? Na tambayi likita a Kankara. Ya ce akwai gidan da jijiyar gwiwarsu ba ta da ƙwari, gadonta ake yi kamar tsawo."

Matan gidan suka ce boko ya cire mata kunya, tana ƙirga wa mara lafiya guragun gidansu. Ta ji, ba ta sunkuyar da kai ba. Washegari ta dawo, tsohon ya juya mata baya. Ta ɗaga masa ƙafar duk da haka.

Ran Alhamis da la'asar ya ce a sauko da warkin. Rabo ya matso yana murmushi, ya ɗaga hannuwa a ɗaura masa.

"Malama, miƙo wuƙa," in ji tsohon.

Ya ɗora wuƙar a kan warkin, ta riƙe masa gefe ɗaya. Fatar ta tsufa amma ta yi gardama. Ya daɗe yana yanka, yana tari.

"Na ja tawa ƙafar shekara talatin, ba wanda ya ji kukana," ya ce wa ɗansa. "Amma ba ni ɗaura maka wannan. Gugan gidan nan na yoyo, a yi mashi faci."

Rabo ya sauke hannuwansa ya fita.

Da hantsin Jumma'a Baba Nata'ala ya cika. Bayan an dawo daga maƙabarta, wata babbar mota ta wuce a kan titi za ta Daudawa, cike da 'yan kokawa, makaɗinsu na bisa kan kaya. Zulaihatu ta leƙa ta kan katanga.

Rabo na bakin rijiya yana jawo wa masu gaisuwa ruwa, ƙafafunsa biyu kafe a ƙasa. Gugan ya fito a cike, baƙin facin na sheƙi.