Jakin Kimba da Baƙin Allo

Malam Mato ya rasu ya bar wa 'yarsa Hannatu akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafan yara. Shi ya rubuta su da ajami, ya buga a injin hannu tun unguwar Zongo tana tsakiyar birnin Lome. Labaran wani Kimba ne da jakinsa mai taurin kai, littafi bayan littafi, don yaran da suka san baƙin allo kafin su san Faransanci.

Ranar da wani mai suna Abdel ya zo daga unguwar Tokoin ya ce yana binciken tarihin littattafan yara, Hannatu ba ta yarda da shi ba. Hausarsa rabi Faransanci ce, jakarsa kuma ta cika girma. Ta bari ya ɗauki hoton littattafan mahaifinta a zaure, amma ta zauna idonta a kan hannuwansa.

Da ya kai kan na farko a jerin, sai ya dakata. Bangon ya rabu, shafuka sun yayyage.

"Hajiya, wannan ban taɓa ganinsa ko'ina ba. Ki ware shi, kada sauran su danne shi. Gobe zan zo da gilashin da zan shimfiɗa shi a ƙarƙashinsa."

"Ka ce ba ka taɓa gani ba," in ji ta. "Wa ya gaya maka yana nan?"

"Ke kika buɗe akwatin, Hajiya."

Ta ajiye littafin a kan taga, ta raka shi har ya hau babur.

Washegari da hantsi babu littafi a taga. Abdel na isowa ta tare ƙofa.

"Buɗe jakar."

"Pardon?"

"Ba fardon. Buɗe."

Ya zazzage ta a gaban masu wucewa: gilashi, igiyar caji, biredi. Ya mayar da kayansa ɗaya bayan ɗaya, ya tafi. Hannatu ta ce a ranta, ai ɓarawo ba ya dawowa da abin da ya ɗauka.

A tsakar gida ta tarar da Gwaggo Asibi, ƙanwar mahaifinta, tana juye toka daga kasko cikin ɗan rami a gindin bango, tana bisimilla. Gwaggo ba ta karatu. Abin da ta sani shi ne takarda mai baƙin Larabci in ta yage ba a barinta a wulaƙance, ƙona ta ake yi a binne tokar.

"Gwaggo, tokar mene ce?"

"Ta takardun da kika yasar a taga mana. Ke da iliminki, ki bar sunan Allah ƙadangaru na bi ta kai?"

Hannatu ta daɗe tana kallon ramin.

"Labarin jaki ne, Gwaggo. Na yara."

"Jaki? Da baƙin Alƙur'ani?" Gwaggo ta yamutsa fuska. "Yaya Mato ba zai yi haka ba. Wancan mai jakar ne ya faɗa miki?"

Hannatu ta kira Abdel, bai ɗauka ba. Ta yi ƙoƙarin tuna yadda Kimba ya fara samun jakin, ta kasa.

"Sauran na cikin akwatin," in ji Gwaggo tana kakkaɓe hannu, "akwai masu yagewa?"

Hannatu ta shiga ɗaki ta nemo kwaɗon kulle akwatin.