Gidan Su Barira Ba Katanga

Daren jiya wani mafarki ya ɗauke ni, har yanzu bai gama sauke ni ba.

Bari in fara faɗin abin da na kwanta da shi a rai. Sunana Tasi'u, guga nake yi a bakin layinmu da dutsen guga na gawayi. Bikina da Barira ya matso. Abokina Mudi mai cajin waya ya ce yanzu ba a tsayawa a kati kawai, zai buɗe mana shafin biki a intanet, kowa ya shiga ya gani. Daɗi ya kama ni, na tura masa duk abin da ke cikin wayata: hotunan Barira, lambarta, kwatancen gidansu tun daga bakin titi har ƙofa, har da wani hoto na tsakar gida inda Innarta ta fito a baya tana tsintar shinkafa, ba mayafi. Alhali abu ɗaya Barira ta roƙe ni. Ta ce, "Ka yi yadda kake so, amma ka bar gidanmu a rufe. Ka san Inna." Na san Inna kuwa. Tun da mijinta ya rasu, ko ƙofar gida ba ta leƙawa sai da dalili. Mudi ya ce da safe zai saki shafin. Da wannan na yi barci.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka, ina riƙe da dutsen gugana. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tasowa yana tafiya sama. Mutane sun juya laimominsu sun shiga ciki suna tafiya da tsalle, ban ga wanda abin ya dama ba. Ni ma ƙafar wandona ce kawai ta jiƙe.

Mudi na zaune a kan wata bishiya, wayoyi sun yi mata 'ya'ya suna caji.

"Ango, ango!" in ji shi. "Na saki fa. Je ka ga kasuwa."

"Wace kasuwa, Mudi?"

"Taka mana."

Na waiwaya, sai na ga tashar mota. A tsakiyar tashar kuwa ga gidan su Barira a zaune, ba katanga ko ɗaya. Ƙofar ce kaɗai a tsaye, an sa mata kwaɗo. Ga randa, ga murhu, ga gadon Inna da labulensa a fili. Wani kwandasta na kira, "Gidan su Barira! Gidan su Barira! Saura mutum ɗaya!" Mota ta cika, ta zagaya ƙofar, ta sauke mutane a tsakar gida.

Ba mai sallama. Kowa ya shigo sai ya dangwala babban yatsansa a kan abin da ya burge shi, ya wuce. Wani ya dangwala wa randa. Wani mai jar hula ya buɗe tukunyar miya ya ce gishiri bai ji ba. Lambar wayar Barira an shanya ta a igiya kamar wanki, masu wucewa na tsinka suna sawa a aljihu. Wayarta kuwa tana cikin bokiti tana ta kuka har muryarta ta dushe.

Inna na zaune a kan tabarma a tsakiyar wannan taro, kanta a sunkuye, faifan shinkafa a cinyarta. Ɗankwali kawai ne a kanta. Na yi maza na kawar da idona, don ni suruki ne, ban taɓa ganin ko kunnenta ba. Amma duk tasha na kallo.

Barira ta zo ta tsaya kusa da ni. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

"Ba ta sani ba tukuna," in ji ta. "Sai ta gama tsintar za ta ɗago kai."

"In ta ɗago fa?"

"Za ta gani. Za ta tambayi wanda ya yi, ni kuma ba na yi mata ƙarya." Ta buɗe hannunta, cike da tsakuwa. "Ina ta zuba mata a faifan a ɓoye don ta daɗe. Amma ka yi sauri, Tasi'u."

"Kin san ban iya sauri ba."

"Na sani. To ka tafi a hankali, amma yanzu."

Sai ga ni a ofis. Awaki ne ma'aikatan, kowace da teburinta, fanka na juyawa a ƙasa. Wani bunsuru masinja ya kai ni gaban shugabarsu, wata tsohuwar akuya mai tabarau da ƙaho ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta.

"Ranki ya daɗe, na buɗe gidan surukata."

"Da gangan?"

"Da murna."

"Yawanci haka ne," in ji ta. "Masu mugunta ba sa zuwa nan. Fito da abin da ka baza."

Na sa hannu a aljihu, sai na ji hanyar gidan su Barira. Na yi ta jawowa, doguwa kamar rawani, ga kwanar mai ƙosai a jikinta, ga turken lantarki, ga lungun da ake shiga. Akuyar ta kama bakin titi ta fara ci, a natse, har ta kai ƙofar gida ta haɗiye. Ta taga na hango motocin tasha suna ta zagaye, direbobi na tambayar juna hanya.

Na miƙa lambar Barira. Ta tauna ta ce, "Hannu ya yi mata yawa, har ta yi ɗaci." Duk da haka ta cinye.

Da na fito da hoton Inna, duk awakin ofishin suka juya fuska bango. Shugabar ta cire tabarau, ta rufe ido, sannan ta ci. Wallahi ban taɓa ganin ladabi irin na wannan akuya ba.

Saura hotunan Barira. Ta shinshina su ta ce, "Babu ɗaya."

"Wanne?"

"Wanda take dariya a gindin lemo. Wani ya ɗauka ya hau mota da shi."

"A bi shi mana, ranki ya daɗe."

"Mu abin da ke gabanmu muke ci. Wanda ya bar gari, ya bari ke nan."

Hawaye ya zo mini, ya bi ta goshina ya tafi sama wajen ruwan. Wannan hoton ni ta yi wa dariyar, ba wani ba. Bunsurun ya matso ya jingina kansa da kafaɗata. Warinsa ba daɗi, amma na gode masa.

Na zazzage aljihun, ranar ɗaurin aure da sunan masallaci suka faɗo. Na tura mata. Ta turo mini da ƙafa.

"Wannan bar wa mutane. Biki za ka yi, ba ɓuya ba. Je ka ɗauki katangunku a bayan ofis, ka san aikinka."

Katangun na can a tare, duk sun yamutse kamar kayan da suka kwana a buhu. Na hura gawayi, na shimfiɗa ta farko a ƙasa, na yayyafa mata ruwa daga ƙasa, na fara guga. Katanga ba ta son gaggawa, in ka matsa mata sai ta ƙone. Na bi ta lungu-lungu, na fitar mata da kari. Ina ɗaga dutsen sai ta miƙe da kanta, ta yi miƙa, ta tafi ta tsaya a wurinta.

"Tsakuwata ta ƙare!" Barira ta kira daga nesa.

"Saura katangar bayan murhu."

"Tasi'u!"

"Ina zuwa, ranki ya daɗe, kada ta yi miki kari biyu."

Na ji ta yi tsaki, amma irin tsakin da dariya ke bayansa.

Katanga ta ƙarshe na tsayawa sai ga zaure ya iso a kan jaki, an ɗaure shi da igiya. Aka sauke shi a bakin ƙofa. Ofishin awaki sun haɗo da mai gadi, wani ƙadangare mai jan kai. To matsalarsa ɗaya: duk wanda ya zo ya ce zai shiga, sai ya gyaɗa masa kai. Mai jar hular nan ya dawo da gishiri a hannu, ƙadangare ya gyaɗa. Kwandasta ya zo, ya gyaɗa. Mutane suka sake yin layi.

Ban san inda ta fito ba, sai ga Gwaggo Ladi, yayar marigayi baban Barira, da kujerarta 'yar tsugunne a hammata. Ta kaɗa wa ƙadangare zani, ya haye katanga yana ta gyaɗa wa sama kai. Ta zauna a tsakiyar zaure ta miƙe ƙafa.

"Kai mai hula, ɗan gidan wa?"

"Ni masoyin biki ne, Hajiya."

"Ban tambaye ka sana'arka ba. Wa ya gayyace ka?"

"A waya na gani."

"To koma cikin wayar ka ci tuwon."

Wata mata ta matso da goyo. Gwaggo ta ƙare mata kallo ta ce, "Wannan goshin na gidan Malam Sule ne. Ke ce 'yar Asabe? Shige, 'yar nan, uwarki ta warke?" Haka ta yi ta tacewa. Na gida su shige, baƙi a nuna musu hanyar masallaci a ce su zo ɗaurin aure, Allah ya ba da lada. Ba wanda aka wulaƙanta, sai mai gishiri, shi ma shi ya jawo wa kansa.

Ta wata 'yar kafa a jikin ƙofa na ji faifai ya yi ƙwas, alamar an gama. Inna ta ɗago kai. Ban gani ba, amma na ji, don duk garin ya yi tsit, ruwan ma ya dakata a iya gwiwa.

Sai muryarta ta fito, a hankali, da kaza take magana. "Yau gidan shiru. Ke, tashi mini daga kan shinkafa." Can kuma ta ƙara, har yanzu da kazar: "Wa ya goge mana katanga haka? A ce masa an gode, Allah ya rufa masa asiri."

Na tashi zan shiga, ko daga bakin ƙofa ne in durƙusa in ce amin. Gwaggo ta tare hanya da ƙafa.

"Ina zuwa?"

"Gwaggo, ni ne fa. Tasi'u. Ango."

"Na san ka sarai. An ɗaura ne?"

"Ba a ɗaura ba."

"To waje. Zauren da ka kawo, kai ma ya hau kanka."

Na fito na zauna a dakali, na ajiye dutsen guga ya huce. Daga ciki ina jin Barira na dariya, ba na ganinta, ba kuma wanda ke ganinta. Ban taɓa jin daɗin a hana ni shiga wuri ba sai ranar. Na ce Allah ya saka wa akuyar nan, ya saka wa Gwaggo, har ƙadangaren ma, don shi iyakar abin da ya iya ke nan.

Ina nan zaune sai na ji ƙarrrr, ƙarrrr, kamar ana jan garin gaba ɗaya a kan siminti.

Maƙwabcina Isiyaku ne ke jan ƙofar shagonsa, wadda ya ƙi sa wa mai. Gari ya waye. Na lalubo waya a ƙarƙashin matashi, na danna na yi wa Mudi magana da murya, don rubutu na ba ni wahala: "Mudi, don girman Allah kada ka saki. Ga ni nan zuwa, akwai abubuwan da za mu cire. Kuma ka tambayo mini yadda ake yi wa shafi zaure."